Iskar Tayar Gaba

Moton, wato babur ɗin, ya shigo gidana a kan amalanke, jaki na ja. Wani ma'aikacin asibiti da aka yi wa canjin wurin aiki ne ya sayar mini da shi ana gobe zai bar Gure, kuma bai ɓoye mini komai ba. Ya ce rabon injin da tashi tun matarsa na amarya, ga shi a lokacin ƴarsu har ta fara gudu a tsakar gida. Na ce na ji. Ya ƙara da cewa moton gudu ne, ba na ƙasar nan ba. Na ce wannan ma na ji.

Har yau ba zan iya faɗin dalilin da ya sa na saye shi ba. Ni ba mai son gudu ba ne. Ni ne mutumin da zai kulle ƙofa, ya kai bakin lungu, ya dawo ya ja kwaɗon ya ji ko ya kama. Ina jin abin da ya ja ni shi ne ganin abu mai kyau a yashe, kaji na kwana a kansa. Tsohon ƙirar Japan ne, ja, ko da yake rana ta cinye jan. Tankinsa ya yi doro, hannuwansa suna ƙasa-ƙasa, sai mutum ya sunkuya kamar mai leƙa rijiya kafin ya kama su. Kujerar baya ba ta fi tafin hannu biyu ba, kuma babu wurin ɗaura kaya.

A lokacin ina koyar da kimiyya a kwalej. Baƙo ne ni a garin, daga wajen Maraɗi aka turo ni bayan na gama jami'a. A nan na yi aure, a gidan wasu ƴan kasuwa da asalinsu Damagaram, masu shago a kasuwa da lambun dabino a wani kwari ta ɓangaren Bune. Mahaifin matata ya rasu tun tana ƙarama. Babban wanta shi ne uban gidan, shi ya ba ni ita, shi ya nema mana gidan da muke ciki. Ya girme ni sosai. Ina ce masa Yaya kamar yadda take ce masa, amma a wurina suruki ne cikakke. Ba na cin abinci kwano ɗaya da shi, ba na kallon idonsa, in ya shigo ina kan kujera sai in sauka ƙasa.

A ƙarƙashin rumfar zana da ke tsakar gida na yi aikin, bayan la'asar. Nakan shimfiɗa tsohon buhu, in jera gwangwanayen tumatir, kowane da irin notin da zan jefa a ciki. Abin da na fi tsoro shi ne rairayi. A Gure in ka ajiye ƙarfe mai maiƙo ka juya baya, kafin ka waiwayo ya yi fari da yashi, saboda haka duk abin da na wanke sai in naɗe shi a leda. Tankin ya yi tsatsa a ciki. Na zuba masa tsakuwa da kananzir na yi ta girgizawa har kafaɗuna suka yi tsami. A akwatin da iska ke bi ta shiga inji na tarar da sheƙar ɓera, da ƴan tsummoki da ɓawon gyaɗa. Karbiretar kuwa a cikin tasar matata na kwance ta, ban tambaye ta ba, kuma har yau in mun yi saɓani sai maganar tasar ta taso.

Abin da ban sani ba nakan duba a waya in rezo, wato sabis ɗin waya, ya yi kyau. In kalli hannun wani mutum a wata ƙasa yana kwance irin nawa, in tsayar, in koma baya, in sake kallo. Abin da babu a kasuwarmu direbobi ke kawo mini daga Damagaram: buji mai ba inji wuta, sarƙa, batir, fatar birki. Wani lokaci a kawo daidai, wani lokaci a kawo na wani moton daban, in mayar, in jira wata kasuwar. Damina ta zo ta wuce ina nan ƙarƙashin rumfar.

Tayoyin ne suka ba ni wahala. Na asalin irin waɗanda ba su da shambur ne, wato robar cikin nan mai riƙe iska. Tayar ce da kanta ke manne wa janti, ƙarfen da take zaune a kai. A ƙasar da ƙayar aduwa ke jiran mutum ko'ina, masu faci kuma ba su saba da irinsu ba, wannan ba zai yiwu ba. Na samo tayoyin gwanjo da aka shigo da su daga Najeriya, na sa musu shambur kamar na kowa. Ta baya ta zauna daram. Ta gaba kuwa ta shiga da sauƙi, ko gumi ban yi ba, kuma na tuna har daɗin haka na ji.

Wata Lahadi da hantsi injin ya tashi. Na danna, ya yi tari, ya yi shiru, ya sake tari, sannan ya kama da wata ƙara da ba a taɓa jin irinta a lungunmu ba, siririya, mai shiga haƙori. Awakin maƙwabta suka yi ta kansu. Matata ta fito da muciya a hannu tana salati. Kafin azahar labari ya kai kasuwa, bayan la'asar sai ga sallamar Yaya.

Ya zagaya moton, hannuwansa a baya. Ya ƙwanƙwasa kujerar baya da yatsa.

"Malam, wannan ai moton gwauro ne. Ina za a ɗora buhu?"

Na ce, "Ina jin dai ba don kaya aka yi shi ba, Yaya."

"To don me aka yi shi?"

"Don gudu. A kwalta mai kyau."

"Ai ko kwaltar muna da ita," in ji shi. Ya yi dariya, ya miƙo hannu, ban san lokacin da na sa masa mabuɗin ba.

Wanda bai zauna a garuruwanmu ba, zai ce me ya hana ni cewa a'a. Moto a gida ba na mutum ɗaya ba ne. Muddin yana tafiya, na duk wanda ya girme ka ne, da wanda matarsa ke naƙuda, da wanda akuyarsa ta ɓata. Ba a ma cewa a ara. Abin da ake cewa shi ne, "Malam, mabuɗin na kusa?" Ni kaina kafin in yi nawa na sha hawan ƙaramin moton Yaya, wanda daga baya ya bar wa wani ƙaninsu da ke zaune a Gamu, kuma ko sau ɗaya bai taɓa tambaya ta inda za ni ba.

Daga nan duk ranar da zai je kwari duba lambu sai ya biyo ta gidana da safe. Ana bin kwalta tafiya mai ɗan nisa, sannan a sake ta a shiga rairayi. Kowa a ƙasar nan ya san abin da ake yi a wurin. A tsaya, a karyo tsinke, a danna bawul, ɗan ƙarfen da ake hura iska ta cikinsa, a rage iskar taya har ta yi laushi. Taya mai laushi bajewa take yi a kan yashi kamar tafin raƙumi, mai tauri kuwa nutsewa take yi. Wannan ba jahilci ba ne, ko a aji haka nake koyarwa. Sai dai a dawowa ba mai ƙara iska. Babu famfo a daji, kuma ƙaramin moto irin wanda kowa ke hawa bai damu ba, don ba shi da gudu, birkinsa kuma lallashi ne. A haka ake lallaɓowa gari, mai faci ya hura.

Yaya yakan dawo da yamma fuskarsa a sake, ya ce yau ya wuce motar fasinja kamar tana tsaye. In karɓi moton, in yi masa sannu da hanya, in ya tafi in ɗauko famfo.

Ina cikin hura tayar gaba wata rana na ga bawul ɗin bai miƙe ba. Ya ɗan karkata, kaɗan ne, kamar itacen da iska ta saba bugu ta gefe ɗaya. Na ce wataƙila ni na sa shi haka tun farko. Na sace iskar duka, na ɓalle tayar na murza ta har ya miƙe, sannan na ɗauko alli a aljihun rigar makaranta na ja layi ɗaya, daga jikin tayar ya hau kan janti. Da Yaya ya je kwari ya dawo, layin ya rabu biyu. Rabin da ke kan taya ya bar rabin da ke kan ƙarfe da kamar faɗin yatsa.

Na zauna a kan buhun ina kallon layin. Abin ba shi da wuyar ganewa. Birkin gaban moton nan faifai ne, in ka kama shi ƙarfen tsayawa yake yi nan take. In taya na da iska tana riƙe da janti gam, su tsaya tare. In ta yi laushi, ga ta kuma dama sako-sako, ƙarfen ya tsaya ita ta ɗan zame. Ta ja shambur, shambur ya ja bawul, shi kuwa bawul yana cikin ramin ƙarfe, ba inda za shi. Kowane birki a kan ƙasa mai tauri ja ɗaya ne. Ranar da robar gindinsa ta gaji, ba huji za ta yi irin na ƙaya da ke ba mutum lokacin tsayawa ba. Tsinkewa za ta yi, iskar ta fita gaba ɗaya, a tayar gaba, a gudun da ake wuce motar fasinja.

Ban taɓa ganin haka ta faru da idona ba, wannan dole in faɗa. A waya na karanta, kuma bayanin ya yi daidai da abin da na sani. Mai yiwuwa robar ta yi shekara tana jurewa. Mai yiwuwa kuma ta tsinke a fita ta gaba, da Yaya a kai.

Na fara yi masa magana ta hanyar da na iya. Ya zo karɓar mabuɗi, na durƙusa kamar ina duba sarƙa, na ce, "Yaya, an ce wai irin waɗannan ba su cika son a rage musu iska ba."

"Wa ya ce?"

"A waya na gani. Ban dai tabbata ba."

"Mai wayar ya taɓa zuwa Bune?"

Na ce ina jin bai taɓa ba.

"To. Ni ina hawan rairayin nan tun ba a yaye ka ba." Ya shafa tankin. "Ka gyara abu ya gyaru, Malam, Allah ya yi maka albarka. Kai dai tsoro ne da kai. Ko kaza ce ta yi tari sai ka nemi likita."

Na sayi ƙaramin famfon hannu na ɗaura masa a gefen kujera, na ce ko Allah ya sa a buƙata a dawowa. Ya yi godiya sosai. Da ya dawo babu famfon. Ya bar wa masu aikin lambun, wai sun fi shi buƙata, tayar amalankensu na sacewa.

Na koma kan matata. Tana tankaɗe na yi mata bayanin duka, har da zane a ƙasa. Ta saurara ba ta katse ni ba.

"Yanzu so kake in je in ce wa Yaya bai iya hawan moto ba?"

"Ba haka na ce ba. Cewa za ki yi, ko zai yiwu..."

"Malam, kai mai moton ka kasa, sai ni da ya goya? In mutuwa ka gani, ka faɗa masa mutuwa ce. In kuma wataƙila ce, ka bar ta a cikinka. Ai kullum da wataƙila muke kwana a gidan nan."

Ta ci gaba da tankaɗe, amma na ga hannunta ya rage sauri. Can ta ce, ba ta ɗago ba, "Ka ce ya lalace mana."

Na gwada wannan ma. Na zare hular buji na ce injin ya ƙi tashi. Yaya ya ce ba komai, ba sauri yake ba. Ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a bakin rumfar, ya zauna yana jan carbi yana kallona. Ashe ban iya ƙarya da hannu ba. Na yi ta taɓa nan ina taɓa can, gumi na zuba, daga ƙarshe na mayar da hular. Injin ya tashi. Ya ce, "Ka gani? Hannunka na da albarka."

Haka muka ci gaba. Ya je ya dawo, in sace iskar, in ɓalle tayar, in miƙar da bawul, in hura. Ranakun da yake hanya ba na koyarwa yadda ya kamata. In waya ta motsa a aljihuna sai in ciro ta da sauri. In wani ya shigo ƙofar makaranta da sauri sai in tsaya da rubutu har in ga ajin da ya nufa. Na aika a sayo mini sabon shambur da tayar da za ta kama sosai, aka ce girman nan babu a Damagaram, sai an sa wani ya duba a Kano. Direban kullum cewa yake kasuwa mai zuwa.

Wata yamma, gab da faɗuwar damina, na fito da shambur ɗin gaba ɗaya na ɗaga shi a rana. A gindin bawul robar ta yi ƴan tsage-tsage sirara kamar faso a dunduniya. Na kai wa mai faci, ya juya shi ya miƙo mini, ya ce wurin ba ya ɗaukar faci. Na mayar da shi cikin tayar don ba ni da wani.

Washegari babu makaranta, kuma lokacin cire dabino ne. Rana ba ta yi zafi ba na ji sallamar Yaya.

"Malam, mabuɗin na kusa?"

Tun asuba na shirya maganar, ina alwala ina maimaita ta. Da na buɗe baki abin da ya fito shi ne, "Yaya, ko zan raka ka? Ban taɓa ganin lambun lokacin dabino ba."

Ya dube ni, ya dubi kujerar baya. "A wannan ƴar abar? To, bismilla. Amma ban da salati a kunnena."

Na ɗaura babban famfon gida a bayana da igiya. Matata ta tsaya a ƙofa, ba ta ce a dawo lafiya ba sai da injin ya tashi.

A tafiya tayoyin a cike suke, ni na hura su, saboda haka tsoron gudun kawai na sha. Da muka kai inda ake sakin kwalta ya tsaya, ya karyo tsinke, ya tsuguna. Na tsaya a kansa ina jin iskar na fita.

"Yaya, ta gaban ko a ɗan bar mata?"

"Ita ce ma ta fi buƙata."

Dole in faɗi gaskiya a kansa, ya iya rairayi. Moton da ba don wurin aka yi shi ba ya bi da shi tudu bayan tudu, gindin na wutsil-wutsil, shi ko a jikinsa, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Amma tsakanin tuddan akwai faƙo, ƙasa mai tauri kamar daɓe, inda yake sakar masa wuta, sannan ya kama birki da ƙarfi in yashi ya sake tarar mu. Duk kamu ɗaya sai in tuna da bawul ɗin.

Kwarin ba a ganin sa sai an hau tudun ƙarshe. Sai ga shi a ƙasa, kore shar, goruba a gefe, dabino a ciki, rogo da rake a ƙarƙashinsu, can tsakiya kanwa ta yi fari. Masu aikin, Mangawa ne magidanta, suka taro mu, Yaya ya shiga gaisawa da su da Barbarci. Da suka nufi wajen dabinon na tsuguna gaban tayar. Bawul ɗin ya kwanta fiye da yadda na taɓa ganin sa, kuma rabin tafiya kawai muka yi. Sai a lokacin na lura da abin da ya kamata in lura da shi tun a gida. Mutum biyu sun fi ɗaya nauyi. Rakiyar da na yi don in tsare shi ita ta ƙara jan. Ƙarafan da nake ɓalle taya da su kuma na bar su ƙarƙashin rumfa. In na hura a nan ba za mu hau tudun ba.

Da rana aka kawo abinci. Yaya ya ci da mutanensa, ni na koma gindin wani dabinon daban, ya aiko mini da ɗanyen dabino a ƙwarya. Ban iya tuna ko na ci ba. Bayan la'asar gabas ta fara yin baƙi. Aka ɗaura rabin buhun dabino a kan tanki, Yaya na gyara igiyar na matsa kusa.

"Yaya, in mun kai kwalta, ko za mu ɗan tsaya in ƙara iska?"

Ya ɗaga kai ya dubi hadarin. "Allah ya kai mu."

Na san irin wannan amsar. Da ita nake sallamar iyayen ɗalibai.

Muka kamo hanya, hadari na bayanmu. Iska ta canza, ta yi sanyi, tana ɗauke da ƙanshin ƙasa. Garken shanu da muka wuce duk sun juya baya ga gabas. Daga nesa na hango turakun gefen kwalta, na fara shirya muryata. Yaya bai rage ba. Ya ɗan karkata, tayar gaba ta daki bakin kwaltar, muka hau, ya kwanta a kan buhun ya murɗa.

Na ce, "Yaya." Iska ta ɗauke. Na sake cewa da ƙarfi, ya girgiza kai, ya saki hannu ɗaya ya nuna bayanmu da babban yatsa.

A ƙarƙashin tankin, ta hagu, akwai ɗan makullin da ake murɗawa a tsayar da mai. Ni na kwance shi na wanke, na san wurinsa ko ido rufe. Na zura hannu ta ƙarƙashin cinyar surukina, abin da ko a mafarki ban taɓa yi ba. Ina jin ya ɗauka riƙewa nake don tsoro. Na lalubo makullin na murɗa.

Ba abin da ya faru. Na san haka za a yi, don akwai sauran mai a karbireta, sai ya ƙare injin zai mutu, amma ban taɓa auna tsawon tafiyar da zai kai ba. Moton ya ci gaba da ƙara gudu. Gaban yana ɗan lilo, hagu, dama, kamar yadda taya mai laushi ke yi, ina jin sa ta kafaɗun Yaya. Can gaba wata babbar mota mai lodi ta taho, ta cinye fiye da rabin hanyar, ga wani rami a ɓangarenmu inda kwalta ta ɓare. Na ga yatsunsa sun miƙa kan birki. Na rufe ido. Ya kama, jikina ya daki bayansa, famfon ya daki ƙeyata, iskar motar ta buge mu ta wuce. Na buɗe ido muna kan taya biyu. Ya sake murɗawa, injin ya amsa, sannan ya yi shaƙuwa, ya kama, ya sake shaƙuwa, ya yi shiru. Muka gangara gefen hanya ba ƙarar komai sai ta sarƙa.

"Me kuma ya same shi?" in ji Yaya. Ya danna, ya danna, ya sauka. Ya girgiza tankin ya ji mai. Sannan ya sunkuya ya ga makullin.

Ya miƙe ya dube ni, ni kuma a karon farko ban sunkuyar da kai ba, ba don jarumta ba, wuyana ne ya ƙage.

"Yaya, tayar gaba za ta fashe," na ce. "Robar ta tsage, na gani da idona jiya. In ta fashe a gudun nan mutuwa za ka yi. Ba zan ƙara ba ka mabuɗin ba sai na canza ta."

Muryar da ta fito ba irin tawa ba ce, ta yi sama kamar ta mai kuka. Ya ce, "Ka gama?" Na ce na gama. Ya nuna tayar da haɓa. "To hura, mu tafi kafin ruwa."

Na kwance famfon, na tsuguna. Bawul ɗin ya kwanta har ya kusa taɓa ƙarfe, bakin famfon ba zai shiga ba sai na ɗan ɗago shi. Na sa yatsa biyu, a hankali, kamar yadda nake yi a gida. Na ji wani ɗan sauti kamar an tsinke zare. Iskar ta fita lokaci ɗaya, ta buso mini yashi a fuska, gaban moton ya zauna a kan janti. Bawul ɗin ya rage a hannuna, da ɗan zoben roba a gindinsa.

Muka tsaya muna kallon sa.

"Kai ka tsinke shi," in ji Yaya.

Na ce, "Mai yiwuwa."

"Ba mai yiwuwa ba. A gabana aka yi. Ya kai mu kwari ya dawo da mu lafiya, ka sa hannu ka tsinke."

Ban musa ba, don ban sani ba, har yau kuma ban sani ba. Wataƙila da ya kai mu gida. Wataƙila birki ɗaya ya rage masa.

Ruwan ya same mu a nan. Yaya ya kwance buhun dabinon ya saɓa a kafaɗa, ya rufe shi da babbar rigarsa, ya yi gaba. Na bi shi ina tura moton, tayar na lanƙwashewa ƙarƙashin janti, kowane taki sai na sa ƙirji. Motoci biyu suka rage gudu don sun gane shi, ya ɗaga musu hannu su wuce. Bai waiwayo ba. Na yi ta kallon bayansa cikin ruwan, singileti ta manne masa, sai na ga ashe furfura ta cinye ƙeyarsa, ban taɓa lura ba don ban taɓa ɗaga ido na kai nan ba.

Sai da muka iso rumfunan masu sayar da mai a kwalba, a bakin gari, ya tsaya ya jira ni. Ya sauya wa buhun kafaɗa. Bai kalle ni ba, hanya yake kallo.

"In Inna ta tambaya," ya ce, yana nufin mahaifiyarsu, "ƙaya muka taka."

Na ce, "To, Yaya."

Sabuwar tayar ta iso bayan damina ta yi nisa, na sa ta, ta shiga da ƙyar har sai da na ƙuje yatsu. Na aika matata ta gaya masa moton ya gyaru. Ya ce mata madalla, a gaishe ni. Muna gaisawa a masallaci, ya zo sunan ɗanmu ya zauna har aka watse, in dabino ya nuna kuma sai an kawo mana namu. Bai sake tambayar mabuɗin ba.